Daga Mabera Zuwa Hamadar Tabas: Darasin Ceton Da Bai Yi Nasara Ba

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. A cikin ayyukan soja na zamani, da wuya a sami wanda ya kai ceton mutanen da aka yi garkuwa da su hatsari, domin a sauran faɗace-faɗace burin mayaƙi shi ne ya ga bayan abokin gaba, amma a wannan sai an fito da wanda ake tsare da shi da ransa kafin a ce an yi nasara. Mai gadin wanda aka sace kuwa daƙiƙoƙi kaɗan sun ishe shi ya rushe shirin da aka yi watanni ana ƙullawa. Ga mazauna Maiduguri, daga Gamboru zuwa Gwange da Bulunkutu, wannan magana ta gida ce, don kuwa da wuya a sami unguwar da ba ta san zaman jiran wanda aka ɗauke ba. Wannan maƙala za ta dubi yunƙurin ceto guda biyu da suka ci tura, ɗaya a Sakkwato a 2012, ɗaya a ƙasar Iran a 1980, da nufin gano abin da ke sa faɗuwa ta zama makaranta ga rundunar soja.

Abin Da Ya Faru A Mabera

A ranar 12 ga Mayu, 2011, wasu 'yan bindiga suka shiga wani gida a Birnin Kebbi suka yi awon gaba da injiniyoyi biyu, ɗaya ɗan Ingila ɗaya ɗan Italiya, waɗanda ke aikin ginin reshen Babban Bankin Nijeriya a garin. Bayan 'yan watanni aka ga hotonsu na bidiyo, idanu a ɗaure, masu bindiga tsaye a bayansu suna iƙirarin alaƙa da Alƙa'ida. Kusan wata goma aka yi ana neman inda suke. A farkon Maris na 2012 jami'an tsaro na farin kaya suka kai samame wani gida a Zariya, suka kama wani da ake kira Abu Muhammad tare da mutanensa, kuma daga wannan kamu ne aka gano cewa mutanen biyu suna wani gida a unguwar Mabera, cikin birnin Sakkwato.

Samun wannan labari ya zo da nasa cikas. Muddin masu gadi suka ji an kama shugabansu, to ko dai su sauya wa fursunonin wuri ko su kashe su. Saboda haka aka ga babu halin jiran dare, alhali kuwa duhu shi ne babban makamin irin wannan aiki. Shugaba Goodluck Jonathan da Firayim Ministan Birtaniya David Cameron suka amince, kuma wajen tsakar ranar Alhamis, 8 ga Maris, 2012, zaratan sojojin ruwan Birtaniya da ake kira SBS tare da dakarun Nijeriya suka afka wa gidan. Aka yi ta musayar wuta, jama'ar unguwa na ji na gani. Ko da aka kai ga ɗakin da ke can ƙuryar gidan, sai aka tarar masu gadi sun riga sun harbe injiniyoyin biyu.

Ƙura ta biyo baya. Shugaban Italiya Giorgio Napolitano ya nuna ɓacin ransa a fili cewa ba a shaida wa gwamnatinsa ba sai da aiki ya kankama, alhali ɗan ƙasarta na cikin waɗanda za a ceta. Kakakin Boko Haram ya musanta hannunsu a ciki, daga bisani kuma zargi ya faɗa kan ƙungiyar Ansaru, wadda Birtaniya ta haramta a Nuwamban 2012, aka kuma kama jagoranta Khalid al-Barnawi a Lokoja a Afrilun 2016.

Mabera ba ita kaɗai ba ce a wancan lokaci. A Janairun 2011 an sace wasu samari Faransawa biyu a wani gidan cin abinci a Yamai, suka rasa rayukansu washegari a kan iyakar Mali lokacin da sojojin Nijar da na Faransa suka bi sawu. A ƙarshen Mayun 2012 kuma wani injiniya Bajamushe da aka sace a Kano ya mutu a hannun masu tsare da shi yayin da dakarun haɗin gwiwa suka kai hari gidan da yake. Cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi, sau uku ke nan ana kai wa ga maɓoya, ba a fito da ko mutum ɗaya da rai ba.

Faɗuwar Amurka A Hamadar Iran

Domin a fahimci yadda irin wannan asara kan sauya runduna, ya kamata a koma baya shekara 32, a dubi ƙasar da ta fi kowa ƙarfin soja. A ranar 4 ga Nuwamba, 1979, ɗalibai masu goyon bayan juyin juya halin Iran suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran. Amurkawa 52 ne suka ƙare da yin kwana 444 a tsare. Da tattaunawa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai Shugaba Jimmy Carter ya ba da izinin a ƙwato su da ƙarfi.

Shirin ya kasance mai rassa da yawa. Jiragen sama masu saukar ungulu guda 8 za su tashi daga jirgin ruwan yaƙi mai suna Nimitz, su haɗu da manyan jiragen dakon kaya a wani fili cikin hamada kusa da garin Tabas, su sha mai, su kwashi sojojin rundunar Delta ƙarƙashin Kanar Charles Beckwith zuwa wata maɓoya kusa da Tehran, sa'an nan a dare na biyu a shiga birnin. A daren 24 ga Afrilu, 1980, aka tashi. Jirgi ɗaya ya sami matsala aka bar shi a hanya. Sauran suka shiga wata guguwar ƙura mai kauri wadda matuƙan ba su da labarinta, ɗaya ya juya ya koma teku, wani kuma ya iso da lalurar da ta hana shi ci gaba. Jirage 5 suka rage, alhali an riga an yanke cewa in ba su kai 6 ba a fasa. Aka fasa. Ana cikin shirin komawa ne ɗaya daga cikin masu saukar ungulun ya yi karo da jirgin dakon mai, wuta ta kama, sojoji 8 suka mutu. Ba a ko hangi Tehran ba. Sakataren harkokin waje Cyrus Vance, wanda tun farko bai yarda da shirin ba, ya ajiye aikinsa, Carter kuma ya sha kaye a zaɓen Nuwamban shekarar.

Binciken Holloway Da Abin Da Ya Haifar

Abin lura a nan shi ne matakin da aka ɗauka bayan faɗuwar. Manyan hafsoshin Amurka suka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Admiral James Holloway, aka kuma fitar da wani sashe na rahoton ga jama'a a cikin shekarar. Rahoton ya nuna cewa guguwa ba ita ce tushen matsalar ba. An tattaro sojojin ƙasa da na sama da na ruwa waɗanda ba su saba aiki tare ba, kuma ba su taɓa gwada shirin gaba ɗayansa daga farko zuwa ƙarshe a wuri guda ba. Ba a fayyace wanda ke ba da umarni a kowane mataki ba. Tsananin ɓoye sirri ya hana wasu masana na waje su duba shirin su nuna gurbinsa, har ma ya hana masu hasashen yanayi ganawa da matuƙa. Daɗin daɗawa, jiragen da aka tura sun yi kaɗan. A taƙaice, an fafe gora ne ranar tafiya.

Daga wannan bincike gyara ya biyo. A 1980 aka kafa rundunar haɗin gwiwa ta dindindin mai kula da ayyuka na musamman, aka kuma kafa rukuni na shida na zaratan sojojin ruwa da ake kira SEAL. A 1981 aka kafa rundunar matuƙa ta 160, waɗanda sana'arsu ita ce tuƙa masu saukar ungulu cikin dare a kusa da ƙasa. Majalisar dokokin Amurka ta ga hakan bai wadatar ba, musamman da irin wannan rashin haɗin kai ya sake bayyana a mamayar tsibirin Giranada a 1983, saboda haka a 1986 ta yi dokokin da suka tilasta wa rassan soja aiki tare, waɗanda suka kai ga kafa babbar rundunar ayyuka na musamman a Afrilun 1987. Shekara 7 ke nan tsakanin gobarar Tabas da kammala gyaran.

Amfanin wannan aiki ya iso har ƙasar Hausa. A ƙarshen Oktoban 2020 wasu 'yan bindiga suka sace wani Ba'amurke a ƙauyen Masalata, kusa da Birnin Ƙwanni a Nijar, suka tsallaka da shi cikin Nijeriya. A ranar 31 ga watan, sojojin rukuni na shida ɗin nan suka dira da laima cikin dare, suka taka da ƙafa zuwa maɓoyar, suka kashe mafi yawan masu gadi, suka fito da mutumin lafiya. Rundunar da aka haifa daga tokar Tabas ce ta yi wannan aiki, a yankin da aka yi asarar Mabera shekara 8 kafin nan. Ta sami abubuwan da aka rasa a Mabera, watau duhun dare, da daji maimakon unguwa mai cunkoso, da damar isa ba tare da an ankara ba.

Halin Da Ake Ciki A Gida

Nijeriya ma ba ta zauna haka nan ba, ko da yake yaƙin Arewa maso Gabas ne babban abin da ya tura ta. A Agustan 2013 aka kafa Runduna ta 7 a Maiduguri. A Janairun 2014 hafsan sojojin ƙasa, Laftanar Janar Azubuike Ihejirika, ya ba da sanarwar kafa rundunar ayyuka na musamman da taimakon Amurka, sa'an nan a zamanin Laftanar Janar Tukur Buratai aka buɗe makarantar horar da zaratan sojoji a Buni Yadi ta Jihar Yobe.

Duk da haka, inuwar Mabera ba ta gushe ba. Bayan sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Cibok a daren 14 ga Afrilu, 2014, babban hafsan tsaro na lokacin, Alex Badeh, ya faɗa a watan Mayu cewa sojoji sun san inda suke, amma ba za su yi amfani da ƙarfi ba don gudun kada a kashe su. Sakin 'yan mata 21 a Oktoban 2016 da 82 a Mayun 2017 ta hanyar sulhu ya samu, da shiga tsakanin gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar agaji ta Red Cross.

Jami'ar Maiduguri kanta ta ɗanɗana wannan ɗaci. A ranar 25 ga Yuli, 2017, aka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri, cikinsu har da ma'aikatan jami'ar. Da farko rundunar soja ta ba da sanarwar cewa an ceto su, amma da gawawwakin sojoji da 'yan kato da gora da ma'aikatan jami'a suka fara isowa Maiduguri, sai ta janye maganar. Mutum 3 da aka tafi da su sai a Fabrairun 2018 suka dawo gida, su ma ta hanyar sulhu. Wannan sanarwa ta gaggawa ta nuna wata ɗabi'a mai hatsari, watau a rufe faɗuwa da labarin nasara, alhali wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa.

Kammalawa

Idan aka auna waɗannan al'amura, za a ga cewa kafa sabuwar runduna da sayen makamai su ne sashe mafi sauƙi na gyara. Abin da ya sauya sojan Amurka shi ne yarda da aka yi a zauna a tona faɗuwar daki-daki, a rubuta, a bari majalisa da jama'a su gani, sa'an nan a mai da darasin doka wadda ba ta gushewa da sauyin hafsa. Tambayoyin da Mabera da Kano da Magumeri suka bari a fili suke. Ta yaya hukumar da ke kama mutum da wadda ke kai samame za su daidaita lokacinsu, don kada kamu ya tona asirin ceto? Wa ke da kalmar ƙarshe idan sojan ƙasa da na sama da 'yan sanda da farin kaya suka haɗu a aiki ɗaya? Yaushe ne ƙarfi ya dace, yaushe ne kuma sulhu ya fi kiyaye rai? A yau waɗanda ake sacewa a ƙasar nan mafi yawansu manoma ne da matafiya da 'yan makaranta, waɗanda ba su da wata ƙasar waje da za ta turo musu jirgi cikin dare. Haƙƙinsu ne a kan hukuma ta yi nazarin kowace faɗuwa da gaskiya, haƙƙi ne kuma a kan malamai da ɗaliban jami'a su adana tarihin waɗannan al'amura tun shaidu suna raye. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.