Gindiri da Tarihin Haɗin Hannun Ikkilisiyoyi Wajen Yaƙi da Talauci

’Yan uwa mazauna Jos, Kaduna, Abuja, Legas da sauran birane, duk wanda ya zo gida hutun Kirsimeti zai ga allunan majami’u sun yawaita a bakin hanya tun daga Mangu har cikin gari, kowace da sunanta, kowace da gininta. Da yawa daga cikin ’ya’yanmu da aka haifa a birni sun ɗauka haka abin yake tun fil azal, kowa tasa ta fisshe shi. Tarihi bai nuna haka ba. Sunan da Gindiri ta yi a ƙasar nan, haɗin hannun ikkilisiyoyi ne ya jawo mata shi, kuma akasarin haɗin nan a kan ilimi da magani da noma aka ƙulla shi.

Mishan ɗin SUM, wadda Dokta Karl Kumm ya kawo Wase a 1904, tun farko tarin rassa ce daga ƙasashe da ɗariku dabam-dabam. Ingilawa suna Filato, mutanen Denmark mabiya Luther suna Numan tun 1913, Amurkawa suna wajen Wukari da Lupwe, mutanen Afirka ta Kudu kuma suka kafu a Randa. A 1910 mishan-mishan na Arewa suka yi taro a Lokoja, suka yarda kada su riƙa cin iyakar juna. A tarurrukan da suka biyo baya a Miango har an yi burin kafa ikkilisiya guda ɗaya tak. Wannan buri bai cika ba, domin bambancin koyarwa da na tsarin mulki ya fi ƙarfinsa. Abin da ya yiwu shi ne aikin da ake iya taɓawa da hannu: Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932 da gumin ma’aikatan mishan fiye da ɗaya, sa’an nan a 1934 aka buɗe makarantar horo a nan Gindiri.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan wannan makaranta. Ba don ’yan Filato kaɗai aka gina ta ba. Rassan SUM sun riƙa aiko da ɗalibansu, har ya zama Bachama daga Numan da Jukun daga Wukari da Eggon da Tarok da Birom da Mwaghavul suna cin tuwo a akushi ɗaya, suna karatu da Hausa, suna noma abincin da za su ci. A 1938 aka naɗa fastoci uku na farko, wato Toma Tok Bot da Bali na Langtang da Dawuda Lot na Panyam. Shi Dawuda Lot daga baya ya shiga siyasa, ya zama ɗaya daga cikin muryoyin ƙananan ƙabilun Arewa a shekarun 1950. Makarantar sakandaren maza ta zo a 1950, ta makafi a 1953, wadda ita ce ta farko irinta a Nijeriya, ta ’yan mata kuma a 1958. A zamanin da makaho ba shi da abin yi sai bara, koya masa karatu da sana’a hukunci ne a kan yadda al’umma take kallonsa, ko da ba a kira shi da sunan neman adalci ba. Haka nan aikin kutare a Mangu, inda aka karɓi waɗanda danginsu suka gudu daga gare su.

Mutanen da suka san juna a azuzuwan Gindiri suna cikin waɗanda suka haɗu a Randa a 1955 aka kafa TEKAS, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda yau muka sani da TEKAN. Tarayya aka kira ta, kowace ikkilisiya ta riƙe ’yancinta. Bayan shekara huɗu suka buɗe kwalejin tauhidi ta haɗin gwiwa a nan Gindiri, wadda daga baya ta koma Bukuru.

Amma abin da ya fi shafar tukunyar talaka shi ne shirin Faith and Farm, wato bangaskiya da noma, wanda Peter Batchelor ya soma a ƙarshen shekarun 1950. Ya lura cewa yaron da ya yi makaranta yakan raina fartanya, ya nufi birni ko haƙar kuza. (Mu da muke karanta wannan mujalla a birni mun san zancen bai tsufa ba.) Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Saurayi zai zauna wurin gogaggen manomi ya koyi huɗa da shanu, da kiwon kaji, da adana hatsi kada ƙwari su cinye. Idan ya ƙware sai a ba shi rancen shanu da garma, ya biya sannu a hankali daga amfanin gona, abin da ya biya kuma a juya shi ga wani. Malaman bishara na ƙauye su ne suka zama malaman gona, domin su ne suke zaune da jama’a rani da damina. Da wasu ikkilisiyoyi suka ga amfanin abin, sai aka kafa majalisar CRAC a 1965 domin a riƙa musayar dabarun raya karkara. A 1990 ta haɗu da takwararta ta Kudu aka sami CRUDAN, mai hedikwata a Bukuru. Aikin raya karkara na COCIN kuwa ya ci gaba daga Panyam.

A fannin lafiya haɗin ya ma fi faɗi. A 1973, shekara uku kafin a kafa CAN, bishop-bishop na Katolika da Majalisar Kiristocin Nijeriya da majalisar asibitocin mishan ta Arewa suka kafa CHAN. Waɗanda ba sa cin jibi tare sun yarda su sayi magani tare. A 1979 aka buɗe sashen magunguna a Jos, yana saye da yawa a kan rahusa yana rarraba wa asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani na ikkilisiyoyi. An ga ranar wannan tsari bayan 1986, lokacin da shirin SAP ya karya darajar naira, magani ya yi tsada, asibitocin gwamnati suka koma rubuta wa majiyyaci takarda ya je ya sayo a waje. Ba a tambayar mai ciwo ɗarikarsa ko addininsa a bakin ƙofa, kuma ’yan uwanmu Musulmi na Gindiri, waɗanda muke uwa ɗaya uba ɗaya da su a gidaje da yawa, sun sha magani a waɗannan wurare kamar kowa.

A ganinmu, daga shekarun 1990 zuwa yau an yi sakaci da wannan gado. Majami’u sun ƙaru, baiko ya ƙaru, gudummawar da muke aikowa daga birni ma ta ƙaru, amma yawancinta a bulo da kwano take ƙarewa, kowa yana son hasumiyarsa ta ɗara ta maƙwabci. Garma da iri da asusun magani ba su da allon da za a rubuta sunan mai bayarwa, shi ya sa ba su da farin jini wurin ƙaddamarwa.

Masifa ce ta sake tuna mana da tsohon tsari. Hare-haren da suka auka wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Mangu tun daga Afrilun 2023, da rikicin cikin garin Mangu a Janairun 2024 inda aka ƙone majami’u da masallatai, sun raba dubban mutane da gidajensu da gonakinsu. Makarantu da harabar majami’u suka zama masauki. Zumuntar Mata na ɗariku dabam-dabam suka tara masara da tufafi da tabarmi, matasa suka yi dako, ba wanda ya tsaya duba kalar zanen zumuntar wata. Wannan agajin gaggawa ne, kuma ya ceci rayuka. Sai dai manomin da aka ƙone rumbunsa, aka kore dabbobinsa, buhun masara na wata guda ba zai mayar da shi gona ba. Abin da yake bukata shi ne iri da taki da rancen da zai biya bayan kaka, da kuma wanda zai tsaya masa a gaban hukuma a kan gonarsa, kuma babu majami’a ɗaya a ƙasarmu da take da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi ita kaɗai.