Daga Angurya zuwa Dusar Masara: Tarihin Binciken Abincin Dabbobi a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda aka yi ta neman hanyar ciyar da dabbobi da rani a kudancin Katsina, watau ƙasar Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, tun daga zuwan Turawa har zuwa yau. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawancin masu bincike sun daɗe suna neman abincin dabba a cikin ciyawar shuka, alhali kuwa abin da ya riƙe shanu da tumakin wannan yanki daga gona da tsakar gida yake fitowa. Saboda haka duk lokacin da manomi ya sauya abin da yake shukawa, to, abincin dabba ma ya sauya ke nan, ko masu bincike sun shirya wa hakan ko ba su shirya ba.

Matsalar ita kanta ba ta da wuyar faɗi. Da damina ciyawa ta wadata. Amma da zarar ta yi fure ta bushe, sinadarin gina jiki da ke cikinta, wanda masana ke kira furotin, sai ya faɗi zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100, alhali ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa a tumbin saniya suna bukatar kimanin kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Shi ya sa saniya za ta cika ciki da busasshiyar ciyawa a watan Maris, amma tana ta rama.

2.0 Auduga da garmar shanu

Kafin zuwan Turawa ma ƙasar nan ta auduga ce. Mata su ke gurza a gida, su yi kaɗi, anguryar kuwa ta rage a gidan: a ɗebi iri, saura a ba dabbobi. Ga harawar wake da ta gyaɗa, ga kowa, ga dusa da ƙasari, ga 'ya'yan gawo da ke zuba daidai lokacin da kome ya bushe. Bayan girbi kuma Fulani kan sauka a gona, shanunsu su ci kara, su bar wa mai gona taki.

Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a Mancesta a 1902, shi ya fara taɓa wannan tsari. Ya kafa injin gurza a Zariya, daga baya ya ƙara wasu a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Manomi ya koma sayar da audugarsa da anguryarta a ciki. Kamfani ya gurza, a mayar wa manoma irin shuka, saura kuwa ya zama hajar kamfani, har ana fita da ita ƙasashen waje. Masu tarihin auduga sun yi dogon rubutu a kan farashi da haraji, amma ba kasafai su kan tsaya a kan wannan ba: abinci mafi ƙarfi da saniyar ƙauye ke samu da rani, mai furotin fiye da kashi 20 cikin 100, ya bar hannun matar gida ya koma ƙofar kamfani.

Abin mamaki, daidai wannan lokaci ne Ma'aikatar Gona, a ƙarƙashin O. T. Faulkner, ta ɓullo da shirin noma da shanu. An gwada takin ɗanyen ganye a Samaru, aka ga bai dace da gajeriyar daminar Arewa ba, sai aka koma ga takin dabbobi. En'e ta riƙa ba manomi bashin shanu biyu da garma, shi kuma ya turke su, ya tara taki, ya faɗaɗa gonarsa. An fara da manoma 3 a 1928, shekarar da aka buɗe gidan gonar dabbobi na Shika a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Daudawa, inda aka kafa gonar yaɗa irin auduga a tsakiyar shekarun 1920, ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin shirin. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 masu noma da shanu a Jihar Arewa sun haura 30,000.

A nan ne tambayar abinci ta zama ta gaggawa. San noma ba ya tafiya rani kamar na Bafillace, yana nan daure a gida. Kuma lokacin da ake bukatar ƙarfinsa, watau ruwan farko, shi ne lokacin da ya fi kowane rama. Malaman gona suka yi ta horon manoma su yanka ciyawa tun tana ɗanya su ajiye, wasu ma su binne ta a rami. Kaɗan ne suka bi, kuma ba don taurin kai ba. Lokacin da ya dace a yanka ciyawa shi ne lokacin da hannu ya fi ƙaranci a gona. Abin da manomi ya yi shi ne ya ɗaure harawa ya jibge a kan rumfa ko bishiya, ya haɗa da dusa da kanwa, in da hali ya sayi angurya.

3.0 Shika da ciyawar shuka

Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 masu bincike a Shika sun gwada ire-iren ciyawa masu yawan gaske, na gida da na waje: gamba da kyasuwa, da dangin wake irin su lablab da sitailo wanda asalinsa daga Kudancin Amurka ne. Aiki ne mai kyau, ba mai musu, shi ne kuma harsashin cibiyar NAPRI da aka kafa a nan a 1976 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Sai dai an gina shi a kan zaton cewa wata rana za a yi kiwo irin na Ostareliya, da shinge da makiyaya ta shuka. Dokar Makiyaya ta 1965 da dajin Runka, can arewa da wannan yanki, duk a kan wannan tunani suke.

Labarin gamba ya isa misali. An ɗauki irinta daga Shika aka kai Kolambiya a farkon shekarun 1970, aka sake ta ga makiyaya a can da Barazil a 1980, suka shuka ta a manyan filaye. A arewacin Ostareliya kuwa gamba ta yi yaɗon da har hukuma ta sa ta cikin miyagun ciyayi saboda gobarar daji. A gidanta fa? Manomin Bakori ya bar ta inda ta ke tun dā, a kan iyakar gona, yana yankan ta don zana da jinka. Ba zai ba ciyawa filin da zai ba dawa ba, kuma lissafinsa daidai ne.

Cibiyar ILCA, wadda ta fara aiki daga Kaduna a ƙarshen shekarun 1970, ta rage buri. Ta fito da abin da za mu iya kira rumbun ciyawa: fili mai kimanin hekta 4, a kewaye shi, a shuka sitailo, a bar shi har rani, sa'an nan a riƙa shigar da shanu masu ciki da masu shayarwa na awa biyu ko uku a rana. An fi gwada shi a wajen Kaciya, inda fili ya ke da sauƙi. Ko a can ma tsadar waya bayan faɗuwar darajar naira a 1986, da wutar daji, da rashin tabbacin mallakar ƙasa sun dame shi. Balle a Malumfashi, inda hekta 4 gonar magidanci ce sukutum.

4.0 Aikin gona na Funtuwa da zuwan masara

Shekarar 1975 ta zo da abubuwa biyu. Na farko, cutar kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin Arewa, bayan farin 1972 zuwa 1974, noman gyaɗa bai sake komawa yadda ya ke ba na tsawon shekaru. An yi ta kukan dalar gyaɗar Kano, amma dabbobi ma sun yi asarar harawa da ƙuliƙuli. Na biyu, aka buɗe Aikin Raya Noma na Funtuwa da bashin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Aikin ya kai har 1980, ya shimfiɗa hanyoyin ƙauye, ya gina madatsun ruwa, ya raba takin zamani mai arha da ingantaccen irin masara.

Ba aikin dabbobi ba ne, amma a ganina babu wani binciken kiwo da ya sauya abincin dabbar wannan ƙasa kamar yadda shi ya sauya shi. Masara ta tashi daga bayan gida ta mamaye gonaki. Malaman aikin suna so a shuka kowane amfani shi kaɗai, ba a gauraya ba, ko da ya ke binciken David Norman a ƙauyukan Zariya ya riga ya nuna hikimar gaurayawa. Inda kuwa aka cire wake daga cikin hatsi, harawa ta ragu. Karan masara yana nuna da wuri, sauran ruwan damina ya same shi, ba ya kuma jure ajiya kamar karan dawa. Har ila yau, da takin buhu ya yi arha, manomi ya rage marmarin saukar Bafillace a gonarsa. Sannu a hankali kara ya zama abin da ake kwashewa a kai gida ko a sayar. Wanda ke neman tushen rashin jituwar manoma da makiyaya a wannan yanki, ya kamata ya duba nan ma.

A gefe guda masara ta kawo dusa mai yawa. Injin surfe da na niƙa suka shiga ƙauyuka, dusa ta zama haja mai buhu da farashi. Hana shigo da alkama a 1987 da tsiron sha'ir a 1988 ya sa manyan kamfanoni suka juyo kasuwannin Funtuwa da Dandume neman masara da dawa, masu gidajen kaji na Kudu ma suka biyo. Ita kuwa auduga, Hukumar Auduga ta Nijeriya da aka kafa a 1977, hedkwatarta a Funtuwa, an rushe ta a 1986. Masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa daga baya, noman auduga ya ja baya, angurya da tunkuzarta suka yi tsada a garin da ya fi kowane suna da su.

5.0 Ragowar abinci da kiwon turke

Akwai wani kiwo da aka daɗe ba a sa shi cikin lissafi ba, watau na matan aure a cikin gida. Ragon layya da akuyar ɗaki ƙanzo suke ci, da ƙasari, da dusar koko, da ɓawon rogo da na dankali, a haɗa da ɗan harawa. Abin da ƙasar Japan ta kafa wa doka a 2001, na mayar da ragowar abinci ya zama abincin dabba, matan Hausa sun daɗe suna yin sa ba da sunan kimiyya ba.

Amfanin bincike a nan shi ne sanin iyaka. Angurya tana da guba mai suna gosifol, wadda tumbin babbar saniya ke iya kashe ƙarfinta, amma tana cutar da kaji da 'yan maruƙa. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci sai an shanya shi. Dusa ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna yana iya ɗaukar gubar afalatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, tana kuma ratsawa har cikin nono. Rago in ya ɗirki tuwo ko hatsi da yawa a lokaci guda, tumbinsa kan yi tsami ya kumbura. Sa'an nan ga leda, wadda mahauta ke ciro wa daga tumbin tumakin da ke kiwo a juji.

Sai a shekarun 1990 ne bincike ya juyo sosai ya fuskanci gonar manomi. Cibiyar IITA ta buɗe reshe a Kano a 1990, inda B. B. Singh da abokan aikinsa suka shiga fitar da waken da zai ba da ƙwaya ya kuma ba da harawa. Tare da ILRI da ICRISAT suka gwada a Bichi tsarin layi 2 na hatsi da layi 4 na wake, a ciyar da dabbobi a turke, a mayar da takin gona. Samaru ma ta saki ire-iren gyaɗa masu jure kuturta da yawan harawa a farkon shekarun 2000. An kuma nuna cewa in an jiƙa kilo 100 na kara da ruwan yuriya kilo 4, aka rufe shi mako biyu zuwa uku, dabba ta fi cin sa ta fi narkar da shi. Wannan dabara ba ta yaɗu ba, domin mai yuriya a hannu masararsa zai zuba wa.

Tun daga shekarun 2010 satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Dandume sun rufe dazuzzukan da aka saba kiwo a cikinsu, da yawa daga masu shanun noma kuma sun yi asararsu ko sun sayar. Dabbar da ta rage ta koma turke a cikin gari, abincinta duka na saye ne. Harawar wake, da ƙaiƙayin waken soya wanda nomansa ya bunƙasa a yankin, ana cusa su a buhu a loda a mota zuwa birane, farashinsu kuma yana hawa tun daga ƙarshen hunturu har saukar ruwa.