Tsofaffin Labaran Zane da Buƙatar Sake Buga Su a Zamfara

A shekarar 1988 kamfanin Eclipse Comics na Amurka ya fitar da wata mujalla mai suna Power Comics har fitowa 4. Labaran cikinta tsofaffi ne, an zana su tsakanin 1975 da 1977 domin masu karatu na Najeriya, kuma jaruminsu shi ne Powerman, wanda a bugun Amurka aka koma kiransa Powerbolt. Abin da ya sa aka tono su shi ne mazanan biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland 'yan Ingila, sun yi suna daga baya. Wato darajar mai zane aka duba, yaran da aka zana wa labarin ba su shiga lissafi ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da masana da maɗaba'u na Arewa, musamman na Zamfara, za su tattara irin waɗannan labarai su sake buga su da sharhinsu.

Wanda ya ƙura wa Powerman ido zai ga dalili. Kowane gidan zane a shafi an sa masa lamba, domin masu bugawa sun ɗauka ɗan Najeriya ba zai gane inda zai fara da inda zai bi ba. Jarumin kuwa, duk ƙarfinsa, saran maciji ne lagonsa. Lambobin shaida ce ta kallon da ake yi wa mai karatu na Afirka a lokacin. Saran macijin kuma ya taɓo tsoro na gaske, wanda manomin Tsafe ko Bunguɗu da ya san kububuwa da gamsheƙa ba ya buƙatar a yi masa bayani. Mai nazarin tarihi yana da abin ɗauka a shafi ɗaya tak, in dai shafin ya tsira.

Kafin Powerman akwai African Film, mujallar hotuna ta kamfanin Drum da ta yi tashe daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970. Jaruminta Lance Spearman, mai malfa da kwat da sigari, yana farautar abokin gabarsa Rabon Zollo mako bayan mako. 'Yar'uwarta Boom tana ɗauke da Fearless Fang na cikin daji. Masanin Jamus Matthias Krings ya nuna a 2010 cewa waɗannan mujallu share fage ne ga finafinan bidiyon Najeriya. Gusau, da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa tun ƙarshen shekarun 1920, a lokacin gari ne na auduga da masaƙa da ma'aikata masu albashi, irin garuruwan da jaridu da mujallu ke isa su yi ta yawo hannu zuwa hannu.

Da harshen Hausa ma rumbun ba wofi yake ba. Akwai Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Sihirtaccen Gari na Ahmadu Katsina, duk na jarumta da al'ajabi. Akwai Sauna Jac, da aka bayar da labarinsa ta hanyar zane. A 1969 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya, a shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Hukumar adabin Arewa ta NORLA kuwa a shekarun 1950 ta buga wa Lardin Sakkwato, wanda Gusau ke ciki a lokacin, jaridarsa mai suna Zaruma. Littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini da matasa ke karantawa a waya yau jikokin wannan gida ne.

Za a ce ai labaran dodanni da aljanu da harbe-harbe ba su dace da tarbiyya ba, balle a jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, kuma take fama da 'yan bindiga. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ba a Zamfara aka fara ta ba. A Amurka littafin likita Fredric Wertham na 1954 ya tayar da ƙura har masu bugawa suka kafa wa kansu dokar tacewa, mujallun ban tsoro na kamfanin EC irin su Tales from the Crypt suka mutu. Ingila ta yi doka kan irinsu a 1955. Amma daga ƙarshen shekarun 1970 mai buga littattafai Russ Cochran ya shiga tattara mujallun EC cikin manyan kundaye masu kauri, kamfanonin Fantagraphics da Dark Horse suka ci gaba bayansa. Abin da ya bambanta kundi da mujallar bakin titi shi ne gabatarwa da kwanan wata da sunan mazani da bayanin zamanin da aka yi aikin. Da wannan malami zai iya zaunar da ɗalibai su tattauna abin da ya dace da wanda bai dace ba.

Babban abokin gaba shi ne lokaci. Takardar waɗannan mujallu ta jarida ce mai araha, tana yin ja ta yi ƙwari ta karye, ƙusoshin tsakiya su yi tsatsa su ci shafi. Abin da gara da damshin damina suka bari, mai ƙosai da mai tsire sun naɗe kaya da shi. A ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da tashin hankali ya tasa, mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar akwatin takardu.

Aikin ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, za ta iya kiran tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa da na masaƙa su kawo aron abin da suka ajiye, a ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta inda aka samo shi, a naɗi muryoyin waɗanda suka karanta shi suna yara. Sai a kwatanta da abin da ke Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, a nemi izinin masu haƙƙin mallaka, a fitar da kundi mai sharhin Hausa.

Amfanin zai wuce adana tarihi. Dutsen Kwatarkwashi da labaran iskokinsa, da kufan 'Yandoto garin malamai, sun ishi matashin mazani abin rubutu na shekaru, in ya ga yadda na gabansa suka tsara shafi. Waɗanda suka karanta Spearman suna 'yan firamare yanzu sun haura shekara 60. Sassan Hausa da Tarihi na makarantun Gusau su fara neman su tun a wannan zangon karatu.