Sa Ido kan Binciken Zamba a Shirye-shiryen Tallafin Marasa Galihu: Nazari daga Fadamar Kogin Haɗeja

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci aikin jami'in da ke shugabantar masu binciken zamba a shirye-shiryen tallafin kuɗi na gwamnati, inda ta kafa hujja da yanayin masarautar Haɗeja a Jihar Jigawa. Ta dogara ne kan yadda aka tsara shirye-shiryen, da abubuwan da suka fito fili a Nijeriya tsakanin 2007 da 2024, da kuma abin da ya auku a Ostareliya da Holan. Maƙalar ta nuna cewa alamomi da dama da ake ɗauka shaidar zamba ce a ofis, a fadama al'amuran yau da kullum ne, kuma hankalin shugaban bincike ya fi cancanta ya koma wajen rubuta suna da wajen biya.

Gabatarwa

Jigawa tana cikin jihohin da suka fara biyan tallafin wata-wata a Nijeriya. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta soma bai wa masu buƙata ta musamman Naira 7,000 duk wata. A 2016 gwamnatin tarayya ta zo da nata shirye-shiryen, ciki har da na ba gidaje masu ƙaramin ƙarfi Naira 5,000 a wata, wanda Bankin Duniya ya mara wa baya da rancen Dala miliyan 500, daga baya kuma aka zuba masa Dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido.

Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 zuwa 2019 ta nuna kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna cikin talauci. Wannan adadi yana sauya ma'anar bincike baki ɗaya. A ƙasar da matalauta tsiraru ne, mai bincike yakan nemi mawadacin da ya saje da mabuƙata. A nan kuwa, inda kusan tara cikin goma suka cancanta alhali gurbin bai isa kowa ba, gurbin ne ya zama haja. Wanda ke riƙe da alƙalamin rubuta suna ya fi wanda aka rubuta damar yin sama da faɗi nesa ba kusa ba.

Hanyar da kuɗin ke bi

A tsarin rajistar marasa galihu da ofishin NASSCO ke kula da ita, jami'an jiha da na ƙaramar hukuma ne ke shiga gari, su raba jama'a rukunin maza da na mata da na matasa, kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci, ya kuma ambaci gidajen da suke ciki. Sai masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida. Daga rajistar jiha sunaye su wuce ta ƙasa, sannan ofishin biyan tallafi ya zaɓo waɗanda za a biya. A shekarun farko tsabar kuɗi ake bayarwa, Naira 10,000 duk bayan wata biyu, ta hannun wakilan kamfanonin biya, kuma galibin masu karɓa mata ne.

A wannan doguwar hanya, mace mai karɓa tana iya yin ƙarya a wuri ɗaya ko biyu: ta ɓoye mutuwar wanda ake karɓa da sunansa, ko ta shiga sau biyu. Sauran ƙofofin duk a hannun wasu suke. Mai faɗa a ji yana iya cusa iyalansa a ranar zaɓe. Mai ɗaukar bayanai yana iya ƙirƙiro gida. Wakilin biya yana iya cire "na goro", ko ya ce netwok ya ɗauke alhali kuɗin sun fita. Wani kuma ya tattara katunan unguwa guda ya riƙe da sunan taimako.

Alamomin da ke yaudarar mai bincike

Ƙananan hukumomi takwas ne a masarautar Haɗeja: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Da yawa daga garuruwansu suna bakin kogi ko cikin fadama. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, har ya zamana yana kwanciya inda a da gona ce. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun tashi garuruwa, mutane suka koma makarantu da gefen titi da gidajen dangi, wasu ba su sake komawa tsohon mazauni ba.

Yanzu a ɗauki mai bincike da aka turo daga Dutse da takarda a hannu. Ya je adireshin da aka rubuta ya tarar da kango ko ruwa. A littafin aikinsa wannan gidan bogi ne. Alhali mai gidan yana nan da ransa a wani tudu, katinsa ya tafi tare da akwatin da ruwa ya ci. Idan da rani aka je, mai yiwuwa ya tafi cin rani, ko ya tare a gonar shinkafa, ko ya bi kifi wajen Nguru. Makiyayi kuwa da ma zamansa ya danganta da janyewar ruwa.

Haka batun suna. A gari ɗaya ana iya samun Hauwa Muhammad biyar, ba kuma wadda ta san ranar haihuwarta, don haka masu rajista sukan sa musu 1 ga Janairu. Kwamfuta ta ga suna ɗaya da rana ɗaya, ta ce mutum guda ne ya shiga sau biyar. Ta ɗaya ɓangaren, mace guda tana iya zama Hauwa a NIN, Kulu a BVN, Jummai a bakin maƙwabta; a wata takarda da sunan uba, a wata da na miji. Lambar waya ɗaya a kan sunaye shida tana iya zama shaidar wani ya mallake kuɗin mutane, tana kuma iya zama wayar ɗan gidan da kowa ke ara. Takarda ba za ta bambance waɗannan biyun ba, sai an taka an je an tambayi matan su kaɗai nawa ya shiga hannunsu.

Ba ana nufin babu masu karɓa da ke cuta ba ne. Akwai su, kuma kowane gurbi da suka ci na wata marainiya ne. Abin lura shi ne, alamar da take hujja a Abuja, a Guri tambaya ce kawai.

Zamba, kuskure, da laifin ofis

Ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya takan raba asarar tallafi gida uku: zamba, kuskuren mai karɓa, da kuskuren jami'i. Wannan rabe-rabe ya kamata ya zama shafin farko na kowane fayil a Jigawa, domin zamba tana buƙatar niyya, niyya kuma sai an tabbatar da ita. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba, wadda aka dangwala mata yatsa a fom ɗin da wani ya cike, ba za a ɗora mata alhakin abin da ke ciki ba.

Ƙasashe masu ƙarfin na'ura sun riga sun ɗanɗana kuɗar watsi da wannan. A Ostareliya, tsarin da aka yi wa laƙabi da Robodebt ya riƙa raba kuɗin shigar mutum na shekara daidai wa daida a kan makonni, ya ɗora wa dubban ɗaruruwan mutane bashin da ba su ci ba. An dakatar da wannan lissafi a 2019, hukumar bincike ta musamman kuma ta yi tir da shi a rahotonta na Yulin 2023. A Holan, hukumar haraji ta tuhumi dubban iyaye da zamba a tallafin renon yara, tana ɗaukar mallakar takardar zama ɗan ƙasa biyu a matsayin alamar haɗari, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Idan haka ta faru ga masu lauya da adireshi tsayayye, me za a ce da wanda ruwa ya raba da gidansa?

Abin da ke wuyan shugaban bincike

Janairun 2024 ya nuna inda manyan kuɗi suke motsi. A cikin watan aka dakatar da Halima Shehu, shugabar hukumar NSIPA mai kula da shirye-shiryen tallafin gwamnatin tarayya, sannan aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin ba da umarnin tura Naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya, EFCC ta shiga bincike, aka kuma tsayar da shirye-shiryen gaba ɗaya na wani lokaci. Kotu ce ke da hurumin cewa wane ya yi laifi. Amma Naira miliyan 585 daidai take da tallafin wata guda na gidaje 117,000 a kan Naira 5,000. Sashen bincike da ya ƙare shekara yana farautar tsofaffin da suka karɓa sau biyu ya bar jaki yana dukan taiki.

Saboda haka aikin farko na shugaba shi ne rabon ƙarfi. Ma'aikatansa kaɗan ne, man mota kaɗan ne, da damina kuma wasu garuruwan sai da kwale-kwale. Ya fi amfani ya zaɓi mazaɓu ba tare da sanarwa ba, ya ɗauki takardar biya ya kwatanta da abin da masu karɓa suka ce sun samu, ya kuma bi sawun wane ne ya ɗauki bayanan kowane gida. Idan gidajen bogi goma suka fito daga na'urar mutum ɗaya, an san inda za a dosa.

Na biyu, kada a tsayar da kuɗin kowa kafin a saurare shi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma ga gidan da ke jiran wannan kuɗi don awo, dakatarwa ita kanta hukunci ce. A yi tambaya da harshen da mutum ya fi ji, domin a Birniwa da Guri da Kirikasamma akwai masu Kanuri da Bade da Fulatanci. A tura mace ta shiga wajen matan kulle. Kada a yi tambayar a gaban bulama ko mai unguwa, tunda mai yiwuwa ƙorafin a kansa ne. A nemi shaidarsa daban, a auna ta kamar ta kowa.

Ƙorafin da ke zuwa ofis ma abin tacewa ne. Wani gaskiya ce tsagwaronta, wani kuwa rikicin gona ne ko na kishi ko na jam'iyya aka sauya wa riga. Shugaba ya kare sirrin mai kawo ƙara, amma kada ya buɗe fayil sai an sami hujja ta biyu da ba daga bakinsa ta fito ba. Kada kuma ya tura jami'i ƙaramar hukumarsa ta haihuwa, inda surukai da abokan wasa za su hana shi sakat. Abin da ya shafi ma'aikaci ko ɗan kwangila a miƙa shi ga ICPC ko EFCC da cikakkun takardu, maimakon a kashe maganar da sauyin wurin aiki.

Akwai kuma ma'aunin da ake auna mai bincike da shi. Muddin yawan sunayen da ya soke ne abin yabo, zai soke na masu rauni, don su ne ba sa ɗaukaka ƙara. A tambaye shi nawa ya dawo da su asusu, daga hannun wa, mutum nawa da aka soke bisa kuskure ya maido, kuma guraben da suka buɗe wa aka ba.

Lokacin tantancewa

A Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta nuna shakku kan ingancin rajistar, daga baya gwamnatin tarayya ta ɗaure biyan Naira 25,000 a wata na tsawon watanni uku da mallakar NIN. Wannan yana rage sunayen bogi, amma yana iya zubar da mutanen fadama idan ba a kai musu rajistar NIN har gida ba. A yankin Haɗeja ruwa yakan kai ƙololuwa ne wajen Agusta zuwa Oktoba, don haka duk tantancewar da aka yi a wannan tsakani za ta nuna "ba a same shi ba" fiye da kima. Ya kamata a ɗaga ta zuwa bayan janyewar ruwa, a kuma haɗa jerin waɗanda hukumar agajin gaggawa ta jiha ta rubuta a sansanoni da rajistar tallafi, ta yadda sunan da ya bayyana a sansani zai sami kariya daga sokewa har sai an gano sabon mazauninsa.