Wasan Jarida Da Ya Tayar Da Hankalin MI5

1/ Jama'a, kun san wasan cike gurbin kalmomi na jarida, wanda kalma ɗaya za ta wuni tana ba ka ciwon kai? Ya taɓa jawo wa wani malami zargin leƙen asiri 🧵

2/ Mayun 1944, ana shirin afka wa sojojin Hitler a gaɓar Normandy, Faransa. Komai an laƙaba masa sunan sirri.

3/ Kwatsam sunayen suka fara fitowa cikin amsoshin wasan Daily Telegraph: Utah, Omaha, Overlord, Mulberry. Ranar 1 ga Yuni, saura kwana 5, sai ga Neptune!

4/ Jami'an MI5 suka dira kan mai tsara wasan, hedimasta Leonard Dawe. Suka titsiye shi, ba su samu komai ba.

5/ Sai 1984 wani tsohon ɗalibinsa ya fasa ƙwai. Wai Dawe kan sa su cike gidajen da kalmomi, shi ya haɗa tambayoyin. Su kuma a bakin sojojin da ke sansani kusa da makarantar suke tsintowa.

6/ Sirrin da ake ɓoye wa Jamus, ashe yara na yawo da shi. Baki dai shi ke yanka wuya.