Tarihin Karkarwar Sitiyari da Yadda Ta Zauna a Motocin Daji da Manyan Motoci

Karkarwar sitiyari, wato yanayin da ƙafafun gaban mota suke kaɗawa hagu da dama da sauri sau da yawa a cikin daƙiƙa guda har sitiyarin ya nemi ƙwacewa daga hannun direba, matsala ce da ta haura shekara ɗari tana tare da mota. Masana sun kasa ta gida biyu. Akwai 'yar girgizar da rashin daidaiton nauyin taya yake haifarwa, wadda takan bayyana a wani mizani na gudu ta kuma lafa idan aka wuce shi, sannan akwai karkarwa mai tsanani wadda faɗawa rami ko hawa tudu kan tayar da ita, wadda kuma da zarar ta kama takan ci gaba da rura kanta, ba ta tsayawa sai an rage gudu sosai ko an tsaya cak. Wannan ta biyun ita ce ta sauya fasalin ƙirar mota, domin ƙananan motoci sun fara rabuwa da ita tun shekarun 1930 ta hanyar sake ginin gabansu, alhali motocin daji da manyan motoci sun riƙe tsohon ginin saboda amfaninsa, suka bar wa makanikai aikin tsare shi.

Motocin farko sun gaji gininsu daga keken doki, inda aksil guda, wato sandar ƙarfe mai ƙarfi da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, yake ɗaure da jikin motar ta hanyar sufiri mai falle-falle. Kowace ƙafa tana juyawa ne a kan wani ƙarfe da ke tsaye a bakin aksil, wanda makanikai ke kira kinfin. A shekarar 1896 injiniyan Faransa Arthur Krebs, wanda daga baya ya shugabanci kamfanin Panhard, ya fito da dabarar ɗan kwantar da wannan ƙarfe zuwa baya, ta yadda wurin da taya ke taɓa ƙasa zai riƙa bin bayan layin da ƙafar ke juyawa a kansa. Wannan kwanciya, da ake kira kasta, ita ce ke sa sitiyari ya miƙe da kansa bayan an sha kwana. Muddin tayoyi sun kasance sirara masu tauri kuma gudu bai taka kara ya karya ba, wannan gini bai cika ba da wahala ba.

Al'amura sun rikice a farkon shekarun 1920, lokacin da sabbin abubuwa guda biyu suka shigo kusan tare. A shekarar 1923 kamfanonin Firestone a Amurka da Michelin a Faransa suka fito da tayoyi masu faɗi waɗanda ake busa wa iska kusan rabin abin da ake busa wa na da, saboda laushin tafiya, sannan a daidai wannan lokaci saka birki a ƙafafun gaba ya fara yaɗuwa, kamar yadda Buick da Chrysler suka yi a motocinsu na 1924. Tayar ta zama tamkar sufiri mai laushi a ƙarƙashin aksil, gangunan birki kuma suka ƙara nauyi a bakunansa biyu, wanda hakan ya sa aksil ya riƙa yin lilo, ƙafa ɗaya na hawa ɗaya na sauka, a daidai gudun da mutane suka saba yi a kan titi. Dalilin da ya sa wannan lilo ke komawa karkarwar sitiyari yana cikin ɗabi'ar duk wani abu mai juyawa da sauri: wanda ya riƙe ƙafar keke ta bakunan ƙarfen tsakiyarta tana juyawa, ya kuma yi ƙoƙarin karkata ta gefe, zai ji tana murɗe masa hannu tana neman juyawa hagu ko dama. Haka ƙafafun mota suke yi idan aksil ya karkata, kuma juyawar tasu tana sa tayoyin su turo ƙasa ta gefe, turin ya sake karkata aksil, a haka abin ke ciyar da kansa da ƙarfin tafiyar motar.

Bincike a kan wannan matsala ne ya haifar da ilimin taya na zamani. A shekarar 1925 Georges Broulhiet ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Faransa maƙalar da ta nuna cewa taya mai iska, idan aka tura ta ta gefe tana cikin tafiya, ba ta bin daidai inda ta fuskanta, tana ɗan kaucewa ne da wata 'yar kusurwa, kuma daga wannan kaucewa ƙarfin riƙe titi yake fitowa. A shekarar 1931 masana uku a Jamus, Becker da Fromm da Maruhn, suka wallafa sakamakon gwaje-gwajensu a kan girgizar sitiyari, sannan a 1941 von Schlippe da Dietrich suka yi nazarin irin wannan karkarwa a ƙafafun jiragen sama. Hans Pacejka na jami'ar Delft da ke Holan, wanda lissafinsa na taya ya zama abin dogaro a masana'antar mota, a kan wannan batu ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1966. A nasu ɓangaren, masu gareji ba su jira masana ba, domin sun riƙa cusa ɗan ƙarfe mai kaifin baki tsakanin sufiri da aksil don rage ko ƙara kasta, suna ɗaure mahaɗan sitiyari, suna kuma liƙa darma a jikin ƙafa don daidaita nauyinta. Daga nan ne sana'ar saita ƙafafun mota da na'ura ta tsaya da ƙafafunta, inda kamfanoni irin su Bear na Rock Island, da Hunter wanda aka kafa a 1946, suka shahara da ƙera kayan aikinta.

Maganin da ya tumɓuke matsalar a ƙananan motoci shi ne raba ƙafafun gaba, kowacce ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai ba tare da ta karkata 'yar uwarta ba. Lancia ta Italiya ta yi haka tun 1922, Mercedes ta biyo baya a 1931, amma abin ya game duniya ne bayan Maurice Olley, injiniyan Ingila da ya yi aiki da Rolls-Royce kafin ya koma Cadillac a 1930, ya shawo kan shugabannin General Motors, har kamfanin ya saka wannan gini a motocinsa na 1934. Manyan motoci ba su bi wannan hanya ba, haka ma motocin daji da suka biyo baya, irin su jif ɗin Willys ta 1941, da Land Rover ta 1948, da Toyota BJ ta 1951 wadda ta zama Land Cruiser a 1954. Aksil guda yana ɗaukar kaya mai nauyi ba tare da ƙafafu sun baje ba, yana riƙe tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa komai nauyin lodi, idan dutse ya ɗaga ƙafa ɗaya yakan danna ɗayar ƙasa ta samu abin kamawa, sannan sassansa kaɗan ne, ana iya gyara shi nesa da gari. Waɗannan dalilai ne suka sa har yau Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, take riƙe da shi, kuma ita ce ake gani a hanyoyin Agadas da Bilma da sauran hanyoyin Sahara, inda gargada da yashi suke cinye mahaɗan gaba da wuri.

Abin da ke hana irin wannan aksil karkarwa shi ne tsaurin mahaɗansa, shi ya sa masu ƙira suka sanya tsaurin cikin ƙa'idar gyara. A motocin Land Rover da Land Cruiser masu irin wannan aksil, ƙafar gaba tana juyawa ne a kan boris ko bushin na sama da na ƙasa waɗanda ake matsewa da gangan ta hanyar cire ko ƙara wasu siraran fallayen ƙarfe, makanike kuma yakan kwance tayarod, wato sandar da ke haɗa ƙafafun biyu da sitiyari, ya maƙala ma'aunin sufiri a hannun ƙafar ya ja, ya ga ko ƙarfin da ake bukata kafin ta juya ya kai abin da kamfani ya rubuta. Idan matsin ya saki saboda tsufa, babu sauran abin da zai shanye girgiza kafin ta girma.

Matsalar ta sake kunno kai da ƙarfi lokacin da aka maye gurbin sufiri mai falle-falle da mai naɗi don neman laushi, kamar yadda Range Rover ta yi a 1970, da Jeep Cherokee a 1984, da Wrangler a 1997. Sufiri mai naɗi ba ya riƙe aksil ta gefe, don haka wannan aiki ya koma kan sanda guda da ke gitta daga aksil zuwa firam, wadda ake kira sandar Panhard. Idan robar bakinta ta mutu, ko notinta ya saki har ramin kusar ya faɗaɗa, aksil gaba ɗaya yakan zame gefe, zamewar kuma tana juya ƙafafu ba da hannun direba ba. Al'adar ɗaga mota sama da saka mata manyan tayoyi, wadda ta yaɗu a Amurka, ta ƙara dagula lamarin, domin ɗagawar tana rage kasta, tayoyin kuma suna ƙara nauyin da ke juyawa. Ƙorafin masu motoci ya kai har 'yan majalisar wakilan Amurka biyu, Anna Eshoo da Henry Waxman, suka rubuta wa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar a 2012 game da motocin Jeep, sannan a 2019 kamfanin da ke ƙera su ya ba masu sabuwar Wrangler ta lokacin sabon shok na sitiyari, wato ɗan bututun mai da ake kwantarwa a jikin tayarod don ya shanye bugu.

Duk da na'urorin zamani, hanyar gano tushen karkarwa ba ta yi nisa da ta shekarun 1920 ba. Ana ajiye mota a ƙasa da nauyinta a kan tayoyi, mutum ɗaya yana murɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, makanike kuma yana kwance a ƙarƙashi ya ɗora tafin hannu a kan kowace mahaɗa, domin hannu yana jin wasan da ido ba ya gani, musamman a bakunan sandar Panhard da na tayarod da akwatin sitiyari. Bayan nan sai a ɗaga gaban da jak, a kama taya ta sama da ƙasa a girgiza don jin boris da kinfin, a sake kamawa ta gefe da gefe, a juya ƙafar a duba ko ta lanƙwashe ko laka ta daskare a cikinta, a ƙarshe a auna iska da kasta da saitin ƙafafun. Sau da yawa ba a samun mai laifi guda, sai a tarar mahaɗai uku ko huɗu kowacce ta ɗan saki, wasansu ya taru ya isa ya ba karkarwa ƙofa. Wannan ne ya sa ƙwararru suke ajiye shok ɗin sitiyari a ƙarshen aiki, domin sabon shok yana iya danne alamar na ɗan lokaci yayin da mahaɗan ke ci gaba da lalacewa a ɓoye, kuma motar da aka gyara gabanta yadda ya kamata tana iya haye rami da gudu ba tare da ta dogara da shi ba.