Bilbao: Daga Masana'antun Ƙarfe Zuwa Birnin Baƙi

Bilbao birni ne a yankin Basque da ke arewacin Sifaniya, a bakin kogin Nervión, dab da inda yake shiga teku. Diego López de Haro ne ya ba shi matsayin gari a 1300. Tsohon garin, Casco Viejo, yana nan har yau da titunansa bakwai na asali da majami'ar Santiago.

Tama ce ta ɗaga birnin. A ƙarni na 19 jiragen ruwa suka riƙa kwasar ta daga duwatsun yankin zuwa Ingila, su dawo da kwal. A 1902 aka haɗe manyan kamfanonin narkar da ƙarfe suka zama Altos Hornos de Vizcaya. Abin kallo mafi kyau da wancan zamani ya bari shi ne gadar Bizkaia, wadda Alberto Palacio ya tsara, aka buɗe ta a 1893. Ginshiƙanta dogaye ne ƙwarai don manyan jirage su wuce ta ƙarƙashi. Mutane da motoci kuwa, wani faffaɗan keji da ke rataye da igiyoyin ƙarfe ne yake tsallaka da su, yana lilo a saman ruwa. UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihi na duniya a 2006.

Shekarun 1980 sun zo da ɗaci. Kasuwar ƙarfe ta karye, aka rufe masana'antar ƙera jirage ta Euskalduna bayan ma'aikata sun yi ta artabu da 'yan sanda, kogin ya baƙanta yana wari. A watan Agustan 1983 ambaliya ta shafe tsohon garin.

A 1992 hukumomi suka kafa kamfanin Bilbao Ría 2000 don gyara filayen da masana'antu suka bari. Aka matsar da tashar jiragen ruwa can bakin teku, aka tsabtace kogin, a 1995 aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa wanda Norman Foster ya zana tashoshinsa. Sai a Oktoban 1997 gidan tarihi na Guggenheim ya buɗe, ginin Frank Gehry mai jikin titaniyam, da katafaren kare na furanni, aikin Jeff Koons, tsaye a ƙofarsa. Da farko mutanen gari da dama sun ɗauke shi almubazzaranci. Yanzu yakan karɓi baƙi sama da miliyan ɗaya a shekara.

Masu labari sun fi son a ce gini ɗaya ne ya ceci birnin, alhali da ba a fara wanke kogi da gyara sufuri ba, da wuya baƙo ya kwana biyu. Gyaran ma bai kai ko'ina daidai ba. A garin Sestao da ke kusa da Bilbao, inda aka bar ɗaya daga cikin manyan murhunan Altos Hornos tsaye bayan kashe wutarsu a tsakiyar shekarun 1990, rashin aikin yi ya daɗe yana fin na tsakiyar Bilbao.